Bangon da ke Bayanta

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga ɗakin ƙawata shi ne ledar da ke manne a murfin kwamfutarta. Sabuwa ce fil, yayanta ne ya sayo mata a kasuwar Assigamé, ta ɗora ta a kan sallaya don kada ta taɓa siminti. Ledar ta ɗan ɗago a kusurwa ɗaya, hannuna yana ta ƙaiƙayin ya ɓare ta, amma ban taɓa ba. A lokacin shekarata goma sha shida, saura mini aji ɗaya in kai ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Irin yarinyar nan ce ni da idan baƙi suka zo gida sai a neme ta a rasa. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Abin da Allah ya ba ni shi ne ido. Na san wanda ya canza takalmi a cikin malamanmu, na san ranar da mai kokon layinmu ta yi kuka kafin ta fito. Ina gani, ina ajiyewa a ciki, ba na faɗa wa kowa, kuma a gida ana yaba mini wannan hali, ana cewa ina da kunya.

Na rubuto muku ne daga Zangon Lome, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, don iyayen da abin ya shafa suna nan da ransu. Mu uku ne tun muna makarantar allo. Mai kwamfutar zan kira ta Babba, don ta girme mu da shekara guda, kuma ita ke yanke mana shawara a kan komai. Ta ukunmu zan ce mata Auta, ita ce mai baki a cikinmu, ko a gidan makoki sai ta sa mutum ya danne dariya. Ranar nan Auta ta durƙusa gaban kwamfutar ta gaishe ta kamar suruka, ta tambaye ta gajiyar hanya da mutanen Sin. Babba ta buge mata hannu, ta ce kowa ya wanke hannunsa kafin ya taɓa, ledar nan kuma ba mai cire ta sai ranar da sakamakon Bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito. Daga nan kusan kullum bayan la'asar muna ɗakin. Da sunan karatu muke taruwa, amma hirar ƙasashen waje muke yi. Babba Faransa take so, ta karanta aikin jinya. Auta ta ce ita ko'ina ne, in dai babu sauro kuma ba a ɗauke wuta. Ni idan suka tambaye ni sai in ce duk inda suka je, su yi ta dariya, su ce to za su sa ni a akwati.

A wani zauren intanet na ɗalibai masu neman karatu a waje Babba ta haɗu da matar. Ta ce mana 'yar asalin Kano ce, tana zaune a Lyon ta Faransa da mijinta, tana taimakon 'yan mata Musulmi su sami makaranta da masauki saboda Allah. Tanti muke ce mata. Sai wanda ya tashi a Zango zai gane abin da ya kama mu. Kakanninmu daga Najeriya suka zo, mu kuwa a nan aka haife mu, Hausarmu ta cakuɗe da Faransanci da yaren Mina, duk lokacin da baƙo ya zo daga can sai ya yi mana dariya, ya ce mun mai da mace namiji a magana. Ita kuwa Tanti da ta buɗe baki sai na ji kamar marigayi kakana ne yake magana. Gaisuwarta ba ta ƙarewa, sai ta tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Tana gyara mana Hausa cikin raha, tana ce mana ƙannena. Ba ta kashe kira sai ta tambaya ko mun yi sallah. A wajenmu wanda ya zo da irin wannan harshe da irin wannan ladabi ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, tabarma ake shimfiɗa masa. Babba har ta fara kwaikwayon maganarta a gida, mahaifiyarta, wadda duk muke kira Mma, tana jin daɗi tana cewa 'yarta ta fara hankali.

Idan Tanti ta kira ta bidiyo, su biyun ne ke cika gaban kwamfutar, ni ina daga baya a bakin katifa. Tun da ba ni ake wa magana ba, sai na riƙa kallon abin da ke bayanta. Farin bango ne, da labule mai ruwan ƙasa a gefe, ita kuma kullum cikin wata jar rigar sanyi mai kauri wadda kan zif ɗinta ya karye aka sa masa fil. Can ƙasa kusa da kafaɗarta akwai soket a bango, mai rami uku masu kusurwa. Mahaifina tsofaffin kayan wuta yake sayarwa a unguwar Bè, dutsen guga da fanka da tukunyar lantarki, irin waɗanda ake saukewa daga Faransa a tashar jirgin ruwa. Tun ina ƙarama nake goge masa su, na kuma san kan wayarsu mai ƙafa zagayayyu ne, yana shiga bangonmu kai tsaye ba sai an nemi wani abu ba. Soket mai rami uku masu kusurwa kuwa wuri ɗaya na taɓa ganinsa, gidan gwaggota a Aflao, da an tsallaka boda an shiga Ghana, inda cajar mahaifina take ƙin shiga duk lokacin da muka je. Bayan wannan sai na fara ganin sauran. Tana cewa sanyi ya hana su fita, amma akwai gumi a saman leɓenta. Gefen labulen yana motsi a hankali ba ya tsayawa, wata inuwa kuma tana wucewa a saman bangon tana dawowa, irin ta fankar sama.

Ba zan ce ban taɓa buɗe baki ba. Na gwada sau ɗaya. Bayan an kashe kira, muna cin waake, wato shinkafa da wake, a kwano ɗaya, na ce a hankali wai soket ɗin gidan Tanti irin na Aflao ne. Auta ta ajiye cokali ta riƙe ciki. Ta ce jama'a ku zo ku ji, ana nuna mana hanyar Turai, 'yar mai dutsen guga tana can tana leƙen ramin bango. Ta sa mini suna Madam Sufeto, ta ce idan na je Faransa a filin jirgi za a ɗauke ni aikin duba soket. Babba ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni ta ce ni da ban taɓa wuce Aflao ba, ina na san abin da ke bangon Turawa? Ta ce matar da ta haife mu a shekaru, mai sallah da salati, ita zan ce tana ƙarya? Kunya ta rufe ni har cikin kunnena. Na ce ba haka nake nufi ba, wataƙila ban gani da kyau ba. Na gani da kyau. Washegari ma na sake gani, da duk ranakun da suka biyo baya, amma ban ƙara cewa komai ba.

Ana cikin zangon karatu na biyu Tanti ta ce an sami gurbi ɗaya a wata makarantar jinya, ba sai da Bak ba, amma a Accra ake yin takardun, kuma ita da kanta za ta sauko ta tafi da Babba. Ta ce kada a faɗa wa manya tukuna, don mutanen Zango akwai baki da hassada, idan magana ta fita kafin lokaci sai a lalata ta. A bari sai biza ta fito, a zo wa Mma da albishir. A Zango ba a tafiya haka. Ko Kumasi mutum zai je, sai ya bi gida gida ya yi sallama, tsofaffi su sa masa albarka, liman ya yi addu'a, a faɗa masa sunan mai masaukin da zai sauka a wajensa, a kuma aika wa mai masaukin cewa ga ɗanmu nan tafe. Ta haka kakanninmu suka ratsa ƙasashe ba su ɓata ba. Mun san wannan sarai, amma a lokacin gani muke yi al'adar tsofaffi ce da ba su san intanet ba. Babba ta rufe ƙofa ta ce sai mun rantse. Auta ta rantse tana dariya. Ni ban rantse nan take ba, sai Babba ta kama hannuna ta ce in ce wallahi tallahi ba zan faɗa wa kowa ba, ko an tambaye ni. Idonta ya ciko, ta ce ni kaɗai ce ba ta taɓa jin maganarta a bakin wani ba. Na rantse.

Ranar Asabar da safe ta ce wa Mma za ta unguwar Djidjolé wajen wata 'yar ajinsu su yi bitar jarrabawa, za ta kwana biyu. Ba ta ɗauki kwamfutar ba, don Tanti ta ce a can za a ba ta wadda ta fi ta. An aiki Auta kasuwa, saboda haka ni kaɗai na yi mata rakiya. Muka hau zemijan biyu, wato baburan haya, har bakin boda, jakarta a kan cinyata. Wurin cike yake kamar kullum, mata da kaya a ka, masu canji suna kiran mutane, ga ƙarar teku daga hagu. Ba Tanti muka tarar ba. Wani saurayi ne ya zo ya kira sunan Babba, ya ce shi ƙanin mijin Tanti ne, ita tana jira a Accra. Hausarsa irin tamu ce, ba irin tata ba. Yana da tabo a gira, wayoyi biyu a hannu, kuma bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya ce ta kawo wayarta ya sa mata layin Ghana. Ta miƙa masa, na ga ya kashe ta ya zura a aljihun wandonsa na baya, bai ciro wani layi ba. Na buɗe baki zan yi magana. Sai Babba ta rungume ni, tana ƙanshin turaren Mma da ta shafa a ɓoye, ta ce Madam Sufeto a yi mata addu'a, tsarabata soket ɗin Faransa ce. Na miƙa mata jakar. Na tsaya ina kallon ɗankwalinta mai ruwan goro har ya shige cikin mutane.

Da kwana biyun suka wuce ba ta dawo ba, wayarta kuma a kashe, yayanta ya je Djidjolé aka ce ba a gan ta ba. Mma ta aiko aka kira ni. Ta zaunar da ni a kan tabarmarta, ta riƙe hannuna biyu, ta ce 'yata, ke ba kya ƙarya, ki faɗa mini abin da kika sani. Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. A raina ina cewa na rantse da sunan Allah, idan na karya wuta zan shiga. Mma ta sake ni ta ce ta yarda, Allah ya yi mini albarka. Wannan albarkar har yau tana ci mini rai. Mahaifin Babba kuwa ya ce kada maganar ta fita, don idan Zango ta ji 'yarsa ta bar gida da ƙafarta, ko ta dawo ba ta da sauran daraja, ƙannenta ma abin zai shafe su. Sai aka ce wa maƙwabta an kai ta wajen dangi a Najeriya. Yayanta yana nema a ɓoye, asibiti asibiti, tasha tasha, a cikin Lome, ni kuwa na san ba ta cikin Lome. Tanti ta daina kira, hotonta ma ya ɓace daga zauren. Na daina cin abinci sosai, a gida aka ce jarrabawa ce ta sa ni a gaba.

An yi makonni a haka. Wata ranar Laraba da muka fito daga makaranta, Auta ta ja ni bayan wani kanti tana rawar jiki, ta ce Babba ta yi mata magana da wata sabuwar lamba, ta isa Lyon, yanzu za ta kira. Da kiran ya shigo na ga fuskar ƙawata. Tana murmushi, tana cewa ta isa lafiya, makaranta ta yi kyau, sanyi ne kawai ya dame ta. Jar rigar sanyi ce a jikinta, mai fil a zif. Bayanta farin bango ne, da labule mai ruwan ƙasa yana motsi, da soket mai rami uku. Leɓenta ya tsage, babu kwalli a idonta, ita da ko shara za ta fita yi sai ta sa. Kafin kowace magana sai ta ɗan kalli gefen dama, kamar mai jiran a ɗaga mata kai. Ta ce an sami gurbi ɗaya kuma, Auta ta shirya ranar Asabar, ƙanin mijin Tanti zai jira ta a boda, kada ta faɗa wa manya. Auta ta juya wayar ta ce ga Madam Sufeto nan, ba za ki gaishe ta ba? Babba ta kalle ni, murmushin ya tsaya a fuskarta kamar an manna shi. Ba ta tsokane ni ba. Ta kira ni da cikakken sunana, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara, ta tambaye ni ko har yanzu ina kallon abubuwa kamar da. Na ce e. Ta ce to in ci gaba da kallo. Sai aka kashe.

Na gaya wa Auta duk abin da na gani, wannan karon ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce baƙin ciki nake yi don ba ni aka zaɓa ba, riga kuma ai Tanti ce ta ara mata, me ye a ciki? Ta tuna mini da rantsuwata, ta tafi ta bar ni a wurin. Da yamma na je Islamiyya ban iya karanta ko aya ɗaya ba. Da aka tashi na tsaya ina naɗe tabarmi har kowa ya watse, sannan na durƙusa gaban Malama, matar limaminmu, dattijuwa ce da ta koyar da iyayenmu mata. Ban iya kallonta ba. Na tambaye ta hukuncin wanda ya rantse da Allah zai rufe wani sirri, sai ya ga sirrin zai halaka mutum. Ta ajiye carbinta ta ce wa ya gaya mini Allah yana son a riƙe irin wannan rantsuwa? Ta ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ne alheri, sai ya karya ya yi kaffara, yarinya irina da ba ta da abin ciyarwa azumi ne kawai a kanta. Ta ce wannan ai yara ma sun sani. Ni ban sani ba. Na yi makonni ina riƙe da abin da tambaya ɗaya za ta sauke mini, kunya ta hana ni yin tambayar. Malama ta ɗago haɓata ta ce wace ce, kuma tun yaushe. Da na faɗa mata ta yi salati, ta ɗauki mayafinta, ta ce in wuce gaba.

A gaban Mma da mahaifin Babba da yayanta na faɗi komai, tun daga soket har zuwa wayar da aka sa a aljihu. Ban rage komai ba. Mma ba ta zage ni ba, ta dai juya fuskarta bango. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Mahaifin ya fara maganar rufin asiri, Malama ta ce masa Alhaji, asirin da za a rufe da ran yarinya ba asiri ba ne, ya tashi ya je wajen liman. Daga nan Malama ta wuce gidan su Auta, aka hana Auta fita. Amma ba wanda ya tuna ya karɓe wayarta. Cikin fushi ta aika wa lambar nan saƙon murya, tana kuka tana ce wa Babba Madam Sufeto ta tona komai, ga shi manya suna shirin zuwa. Ba da mugunta ta yi ba, ita har lokacin ta yarda ƙawarta tana Lyon.

Liman ya aika wa sarkin Zangon Aflao, washegari yayan Babba da dattawa biyu suka tsallaka. Hanyar da muka raina ita ce ta yi aiki. Da aka kwatanta saurayi mai tabo a gira da wayoyi biyu, masu babur na bakin boda suka gane shi, suka ce yakan ɗauki yara masu jin Faransanci ya kai su wani gida mai doguwar katanga a wani ƙauye gaba da Aflao. Ko Accra ba a kai Babba ba. Aka je da 'yan sanda, aka tarar da ƙofa a buɗe. Maƙwabta suka ce da asuba aka kwashe su a motoci, samari da 'yan mata da yawa, ba wanda ya san inda aka nufa. Suka ce ba a barin yaran su fita, ana karɓe musu waya, ana sa kowa ya kira 'yan uwansa da abokansa ya ce yana Turai, ya jawo wasu, wanda ya ƙi a hana shi abinci. Yayan Babba ya ce sun ga tabarmi a ƙasa ɗaki ɗaki, da tukunya ɗaya. A ɗaki na ƙarshe ya ga farin bango da labule mai ruwan ƙasa da kujera guda, fanka a sama, jar rigar sanyi kuma tana rataye a ƙusa. Ya ɗauko rigar ya kawo gida. Ni aka nuna wa, na ga fil ɗin, na ce ita ce.

Yanzu shekara ta zagayo. An kai rahoto duk inda ya kamata, an aika Zango Zango har Kumasi da Kwatano, ba labari. Na yi azumin kaffarata, amma bai sauke mini abin da nake ɗauke da shi ba. Auta tana nan, ta daina ba'a, idan muka haɗu a hanya sai mu gaisa kamar waɗanda suka yi zaman makoki tare. Na sha zama ina lissafin wuraren da kalma ɗaya za ta isa: ranar waake, da bakin boda, da kan tabarmar Mma. Ban yi ƙarya don mugunta ba, ban ci amanar kowa don kwaɗayi ba. Shiru kawai na yi, irin shirun da aka yi ta yaba mini tun ina ƙarama. 'Yan uwana 'yan mata, musamman masu irin halina, idan idonku ya ga abin da bai daidaita ba ku faɗa, ko za a yi muku dariya, ko za a sa muku suna. Dariyar kwana ɗaya ce. Iya Hausa da yawan salati ba su ne shaidar mutum ba, ku tambayi wanda ya san gidansu. Duk wanda ya ce zai kai ku wani wuri amma kada manya su ji, ba inda ya faɗa zai kai ku ba. Kuma rantsuwar da za ta cuci wani ba a riƙe ta, ku je ku tambayi malamai tun da wuri. Iyaye kuma, don Allah idan yarinya mai shiru ta buɗe baki ta faɗi abin da ya yi kama da shirme, ku tsaya ku ji ƙarshensa.

Na daɗe ban iya taka gidan su Babba ba. A watan da ya wuce na daure na je. Mma ta rame, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Ƙofar ɗakin a buɗe take, na hango kwamfutar a kan sallaya an rufe ta da ɗankwali, ledar tana nan, kusurwar ta ƙara ɗagowa ta kwashi ƙura. Yayanta ya ce mini ba a kashe ta, kullum tana jone da wuta, shafin Babba a buɗe, ko wata rana za a sa ta kira gida, ko don a nemi wani abu a wajensu. Na durƙusa gaban Mma, na ce ban zo neman yafiya ba, don ban kai nan ba tukuna. Na ce abu ɗaya nake roƙo. Ta bar ni in riƙa zuwa bayan la'asar ina zama a ɗakin, a bakin katifa, inda na saba zama. Idan Allah ya sa kiran ya shigo, ita ta zauna a gaba ta yi magana da 'yarta, ta ja hirar iya yadda za ta iya, kada ta bari a kashe da wuri. Ni kuma a bar ni in kalli bangon da ke bayanta, duk abin da na gani a take zan faɗa.